Kafin Magani Ya Iso: Labarin TASO ta Yuganda

Ido ɗaya ne ya raɗa wa cutar nan suna a wurinmu da kuma a Yuganda. Mu mun ga mutum yana ƙanjamewa, muka ce ƙanjamau. Su sun ga ƙato yana komawa kamar sillen kara, sai suka ari kalmar Turanci mai nufin siriri suka ce silim. Tun ba a san ƙwayar da ke haddasa ta ba, rama ce ta fara tona wa mutane asiri, a can da nan.

Na yi shekara 35 ina aikin jinya kafin in ajiye farin kaya, kuma rabin shekarun nan a cikin masu wannan cuta na yi su. Ban taɓa taka ƙasar Yuganda ba. Na san TASO ne ta hanyar wani ɗan siririn littafi da aka raba mana a wajen wata bita, na jefa shi cikin jaka tare da kuɗin mota, ya yi wata biyu ban buɗe ba. Daga baya na karanta littafin da matar da ta kafa ƙungiyar ta fitar a 1991, We Miss You All, na riƙa bin labarinsu shekara da shekaru kamar yadda ake bin labarin dangi na nesa. Sunan TASO harufan farko ne na sunanta na Turanci, ma'anarsa kuwa ƙungiyar tallafa wa masu ƙanjamau.

Abin ya fara bayyana ne wajen 1982 a gundumar Rakai, a garuruwan masunta na bakin Tafkin Biktoriya irin su Kasensero, dab da iyakar Tanzaniya. Wuri ne na fasa-ƙwauri, kwale-kwale na kai kaya yana kawo kaya. Da 'yan kasuwa suka fara ramewa suna mutuwa, sai aka ce sammu ne, wai sun cuci abokan cinikinsu na tsallake aka yi musu asiri. Wannan bayani bai ba ni dariya ba ko kaɗan, don na ji irinsa da kunnena a bakin dangin majinyata fiye da sau ɗari. A 1985 wasu likitoci, cikinsu har da David Serwadda, suka wallafa rahoto a mujallar likitoci ta Lancet cewa silim ɗin nan tana da alaƙa da ƙwayar da ke kashe mutane a Amurka da Turai. Ƙasar tana cikin yaƙin basasa a lokacin, asibitoci babu magani, babu safar hannu, wani lokaci babu ruwa.

Yoweri Museveni ya karɓi mulki a watan Janairu na 1986. Shi da bakinsa yakan ba da labarin cewa ya tura sojoji 60 Kyuba horo, aka gwada su aka samu 18 da cutar, kuma Fidel Castro ya ja shi gefe a wani taro a Harare ya gaya masa akwai matsala a gidansa. Mutumin da ya hau mulki da ƙarfin soja ya san abin da wannan lissafi yake nufi. Gwamnatinsa ta kafa shirin yaƙi da cutar a wannan shekara, shi kuma ya riƙa yawo gari-gari yana magana a kanta a fili, lokacin da shugabannin Afirka da dama ke cewa sharrin Turawa ne. Takensu na wayar da kai daga kiwo suka ɗauko shi: a ɗaure saniya a turke ta ci ciyawar da igiyarta ta kai, kada ta shiga gonar wani. Duk wanda ya taɓa turke rago a gida zai gane maganar ba sai an fassara masa ba. Kuma mai mata uku bai ji an kore shi ba, turkensa ne dai ya fi faɗi.

Amma gargaɗi na masu lafiya ne. Wanda ya riga ya kamu, babu wanda ya tanadar masa komai.

A lokacin Noerine Kaleeba ita ce shugabar makarantar koyon gashin ƙashi a Mulago, babban asibitin ƙasar da ke Kampala. Mijinta Christopher ma'aikacin ɗaukar hoton ƙashi ne, ya tafi ƙaro karatu a birnin Hull na Ingila, ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu. A watan Yuni na 1986 saƙo ya iso cewa yana kwance rai a hannun Allah, kuma an gano ƙanjamau ce. Bisa labarin da ita ta bayar, an yi masa ƙarin jini a 1983 bayan haɗarin mota. Na daɗe ina shawarar ko in sa wannan ko in bar shi, saboda na tuna yadda na yi ajiyar zuciya ranar da na fara karanta shi, na ce ashe bawan Allah ne, ba shi ya jawo wa kansa ba. Wannan ajiyar zuciyar ita ce cutar da ke damunmu mu ma'aikata. Kafin mu tambayi mutum ina ke masa ciwo, mun riga mun tambayi kanmu ta ina ya samo.

Ta tafi Hull ta same shi. Abin da ta gani a can shi ne tushen duk abin da ya biyo baya: ma'aikatan jinya suna taɓa shi, suna juya shi, suna zama su yi hira da shi, ita ma suna tambayar ta yadda ta kwana. Akwai kuma masu sa kai da ke zuwa su zauna da majinyata da danginsu, mutanen da ba su haɗa ƙasa ko launi da ita ba. Har Janeba ta je neman labarin magani a Hukumar Lafiya ta Duniya, ta gana da Jonathan Mann, wanda ke jagorantar sabon shirin hukumar a kan cutar. Magani dai babu.

Christopher ya ce a mai da shi gida. Da aka kwantar da shi a Mulago, inda shi da matarsa suka yi aiki, inda kowa ya san su, sai abokan aiki suka ja baya. Masu zuwa leƙe sun fi masu zuwa dubiya. Aikin da ya kamata ma'aikata su yi, ita da dangi suka yi shi. Ya rasu a watan Janairu na 1987. An gwada ta, ba ta ɗauke da cutar.

A nan nakan ajiye littafin, saboda na san ma'aikatan nan. Ni ce su.

A farkon shekarun 1990 ina ɗakin maza a wani asibiti da ba zan ambata ba. Muna da gado na ƙarshe, kusa da ƙofar bayi, wanda muke ajiye wa masu "ciwon nan". Ba ma kiran sunan cutar, jan biro muke sawa mu yi 'yar alama a kusurwar fayil, kowa ya gane. An kawo wani malamin firamare, mai tsabta, mai yawan godiya, gudawa da tari sun cinye shi har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Matarsa takan kawo kunu a fulas da safe. Ni na ce mata ta ware masa kofinsa da cokalinsa, kada yara su taɓa, alhali an riga an koya mana cewa ba a ɗauka ta kofi. Wata rana da la'asar ya ce, "Sista, don Allah ɗan tayar da ni in yi taimama." Na ce to. Na je na sa safar hannu, na ƙara wata a kai, yana kallona. Babu jini a jikinsa, babu miki, kafaɗarsa kawai zan riƙe ta saman riga. Da na dawo sai ya ce, "Bari kawai, Sista, na gode. Zan yi daga kwance." Ya juya fuska bango. Bai kai mako biyu ba.

Noerine ta yi fushi irin wanda nake ganin matar malamin nan ta yi, sai dai ita ta san asibiti ciki da bai, kuma ta ga yadda ake yi a wani wuri. A cikin 1987 ita da wasu mutum 15 suka fara haɗuwa a gidajen juna, haɗuwar da ta zama TASO. Wasu suna ɗauke da cutar, wasu sun yi jinyar nasu sun binne. Akwai Dokta Elly Katabira, wanda ya buɗe wurin duba masu cutar na farko a Mulago, akwai Peter Ssebbanja, abokin aikinta a gashin ƙashi. Da farko ba su da wata manufa da ta wuce su yi addu'a, su yi kuka, su gaya wa juna abin da ya tsayar wa wani gudawa ko ya rage masa ƙaiƙayi, sannan su je ɗakunan asibiti su wanke waɗanda aka gudu aka bari. Ƙungiyar ActionAid, ta hannun wakilinta a ƙasar Colin Williams, ita ta fara ba su kuɗi da horo, aka kuma ba su ɗan ɗaki a tsohon ɓangaren Mulago. Yawancin mutum 16 ɗin nan cutar ce ta yi ajalinsu.

Daga 1987 zuwa 2004, shekara 17, TASO ba ta da maganin rage kaifin cutar da za ta raba wa mutanenta. Waɗannan shekarun su ne suka fi ɗaukar hankalina, don su ne suka amsa tambayar da mu muka kasa amsawa: me za ka yi wa mutumin da ka san ba za ka iya warkar da shi ba?

Sun fara da gyara baki. Suka ƙi kiran mutanensu majinyata ko waɗanda bala'i ya afka wa. Suka ɗauko kalmar da lauya ke kiran wanda yake yi wa aiki, wato mai hulɗa da kai wanda yake da haƙƙi a kanka, kuma yana iya ce maka bai gamsu ba. Takensu ma wasa da harshe ne. Kalmar da ake rubutawa a takardar gwaji idan an samu cutar, wadda ta zama tamkar hukuncin kisa, ita ce kuma a Turanci ke nufin kyakkyawan zato da ƙarfin zuciya. Sai suka ce to, a rayu da wannan kalma ta ɗaya ma'anar. A aikace abin da suke nufi ba shi da wuyar faɗa: ka karɓi sakamakonka, ka gaya wa wani naka ko da mutum ɗaya ne, ka ci abinci, ka bar giya da taba, ka nemi magani da wuri in tari ko zazzaɓi ya taso, kada ka shafa wa kowa, ka ci gaba da sana'arka muddin ƙafa na ɗaukar ka, ka shirya wa 'ya'yanka.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin aiki ba ne. A can ma, kamar yadda na sha gani a nan, miji na mutuwa dangi sukan zo su kwashe kaya, su ce matar ce ta kashe musu ɗa. Masu ba da shawara na TASO sukan zauna da mutum tun yana da sauran ƙarfi a rubuta wasiyya, a san wanda zai riƙe yara da wanda zai biya kuɗin makaranta. Suna da wurin yini inda mutum zai zo ya sha shayi, ya ci abincin rana tare da ma'aikata, ya yi ɗinki ko ya kwanta ya huta. Cin abincin nan tare, ni a ganina, ya fi lacca dubu. Suna bin mutane har gida, su nuna wa uwa ko mata yadda za ta wanke majinyaci da yadda za ta kare kanta in akwai jini, su kuma nuna mata da hannunsu cewa riƙe shi ba ya kisa. Har da masu maganin gargajiya suka yi aiki, ta wata ƙungiya mai suna THETA da aka kafa a 1992, tunda sun san duk wanda ya zo wurinsu ya riga ya biya ta can, kuma zai koma.

Ba su kaɗai suka fasa shirun ba. A watan Afrilu na 1989 mawaƙin nan Philly Lutaaya, wanda ke zaune a Suwidin kuma yana kan ganiyarsa, ya tsaya a Jami'ar Makerere ya ce yana da cutar. Ya ƙare sauran kwanakinsa yana zagaya makarantu da wuraren ibada, jikinsa na ƙarewa a idon jama'a, ya rasu a watan Disamba. A wannan shekarar kuma Ƙungiyar Likitoci Musulmi ta Yuganda ta tara alƙalan gundumomi, babban alƙalin ƙasar ya ayyana jihadi a kan cutar. Daga 1992 suka riƙa horar da limamai, suna ba su kekuna su bi gida-gida. Da farko an cire maganar kwaroron roba daga darasin don malamai sun ƙi, sai da aka yi ta zama kafin a yarda a yi bayaninsa a tsakanin ma'aurata. A 1992 ɗin ne Gideon Byamugisha, limamin cocin Angilika, ya bayyana cewa shi ma yana ɗauke da ita. Mu a Najeriya sai 1997 muka ji irin wannan magana daga babban gida, ranar da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya faɗi abin da ya kashe ƙaninsa Fela.

TASO ta buɗe reshe na biyu a Masaka, kusa da inda abin ya faro, daga nan ta bazu har ta kai cibiyoyi 11, daga Mbarara da Rukungiri a yamma zuwa Mbale da Tororo a gabas, da Gulu a arewa inda a lokacin ake fama da 'yan tawaye. A 1994 ta samu lambar yabo ta Sarki Baudouin na Beljiyam. Shekara guda bayan haka Noerine ta miƙa ragama ga Sophia Mukasa Monico, ta koma Janeba aiki da UNAIDS, shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da cutar. Na yaba mata da wannan sauka, don na ga ƙungiyoyi da yawa da suka zama gadon gidan wanda ya kafa su.

Alƙaluman ƙasar ma sun sauya. A wajen 1992, a wasu wuraren awon ciki na Kampala kusan kashi 30 cikin 100 na masu juna biyu suna ɗauke da cutar. Binciken ƙasa na 2004 zuwa 2005 ya samu kashi 6.4 cikin 100 a tsakanin manya. An yi ta jayayya a kan wanda ya cancanci yabo, masu kiran a ƙaurace wa jima'i na cewa su ne, masu kwaroron roba na cewa su ne. Nakan tuna wa masu jayayyar cewa kabari ma ya rage adadin, don wanda ya mutu ba ya cikin ƙidaya.

Shekarun da suka fi ɗaci, a lissafina, su ne daga 1996. A taron duniya kan cutar da aka yi a Vancouver a wannan shekara aka nuna cewa haɗa magani kala uku yana danne ƙwayar, mutanen da aka fid da rai da su a Turai da Amurka suka tashi suka koma aiki. Kuɗinsa ya haura dala dubu 10 a shekara. Gara a ce maka babu magani a duniya da a ce akwai amma ba naka ba ne. Masu ba da shawara na TASO sun ci gaba da zuwa jana'iza kusan shekara takwas suna sane da haka. Abin da ya sauya lissafin shi ne kamfanin Cipla na Indiya, wanda a 2001 ya ce zai sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara, sai Asusun Duniya mai ba da kuɗin yaƙi da cutar da aka kafa a 2002, sai shirin PEPFAR da Shugaban Amurka George Bush ya sanar a Janairun 2003 da dala biliyan 15 na shekara biyar. A watan Yuli na wannan shekara Bush ya ziyarci cibiyar TASO ta Entebbe. A 2004, ƙarƙashin Dokta Alex Coutinho, aka fara raba magani.

Masana da yawa a lokacin sun ce ba zai yiwu ba, wai talakan ƙauye ba zai iya shan magani a kan lokaci ba, kuma likitoci sun yi kaɗan. A nan ne wahalar shekara 17 ta biya. TASO ta san gidajen mutanenta, ta san wanda ya gaya wa matarsa da wanda bai gaya ba. Kafin a ɗora mutum a kan magani sai ya kawo wani nasa da zai riƙa tuna masa, a kuma yi wa mutanen gidan tayin gwaji. Sannan aka horar da ma'aikatan da ba likitoci ba, aka ba su babura, suna kai magani har ƙofa duk wata, suna ƙirga ƙwayoyin da suka rage, suna yin tambayoyi daga takarda, in sun ga abin da ya fi ƙarfinsu su buga waya. An gwada wannan tsari a Jinja a kan mutum sama da 1,400, rahoton ya fito a Lancet a 2009: waɗanda ake kai wa gida ba su gaza masu zuwa asibiti ba, kuma sun huta da kuɗin mota. Babur mai tambarin TASO ya tsaya a ƙofar gidanka da rana tsaka, maƙwabta na gani. A wurinmu na sha ganin mace ta tsallake asibiti uku ta zo namu don kada a gane ta, ta juye ƙwayoyin cikin robar farasitamol tun kafin ta fita ƙofa.

Magani ya zo da nasa. Ƙungiyar da aka fara a falon mutane ta zama ma'aikata mai ɗaruruwan ma'aikata, da fom, da rahoton wata uku-uku, da adadin da mai ba da kuɗi yake son gani. Na san wannan sauyi daga ciki, don ya same mu. Zaman awa guda da mutum ya koma minti biyar: nauyinka nawa, ka tsallake kwana, ga na wata uku, a kira na gaba. Ba zan yi ƙaryar cewa na fi son zamanin da ba, zamanin da muke binne mutum uku a mako. Amma kusan duk kuɗin daga waje yake zuwa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, umarnin tsayar da aiki ya isa ƙungiyoyin da ke cin gajiyar PEPFAR, a Yuganda da Najeriya baki ɗaya.

A makon ne wata da na ɗora a kan magani tun tana amarya ta kira ni da dare. Yanzu babbar 'yarta tana jami'a, kuma duk yaranta huɗu lafiyarsu ƙalau. Bayan gaisuwa ta ce, "Mama, da gaske ne abin da ake faɗa a rediyo?" Na ce mata ta kwantar da hankalinta, an ce ba za a tsayar da na masu sha ba, ta dai je ranar da aka rubuta mata a kati. Ta yi shiru. Ina jin ƙarar ƙwayoyi a kan faranti, tana ƙirgawa.

"Saura 41," in ji ta. "In riƙa raba su biyu?"

Na ce kada ta kuskura. Na ce gobe da safe ta biyo ta gidana mu tafi tare.